Neman shawara: fita shan iska zuwa gandun dajin Gadabeji daga Damagaram

Mai tambaya, daga Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Mu takwas ne, manya shida da yara biyu masu shekara 9 da 12. Muna son a hutun ƙarshen Disamba mu je wurin da babu hayaniya, mu taka daji da ƙafa, mu shimfiɗa tabarma mu ci abinci a inuwa. An ba mu labarin Gadabeji, wai har raƙuman dawa akwai. Za a iya zuwa a dawo rana ɗaya? Motarmu Hiace ce. Me za mu riƙa, wa za mu nemi izini wurinsa?

Direban kat-kat (mota mai ja da tayoyi huɗu), Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam, cire maganar rana ɗaya, cire maganar Hiace. Daga nan zuwa Maradi ta Takeita da Tasawa kusan kilomita 235 ne, daga Maradi zuwa Dakoro kamar 120. Daga Dakoro kwalta ta ƙare, sauran hanyar rairayi ce. Ba ta kai kilomita 100 ba, amma ita ke cin lokaci. Ku sa kwana uku: ranar farko ku kwana Dakoro, ta biyu cikin daji, ta uku ku juyo. Kada dare ya same ku bisa hanyar rairayi.

Kat-kat biyu ake so, don in ɗaya ta kafe ɗaya ta ja ta. Kowace da tayar sauyi biyu, saboda ƙayar aduwa da kututturen da ciyawa ta rufe. Ku riƙe shebur, igiyar ja, famfon iska, da guntun katako mai kauri da za a ɗora jak a kai, in ba haka ba jak ɗin nutsewa yake cikin ƙasa. Da kun sauka daga kwalta ku rage iskar taya, daga 2.5 zuwa wajen 1.5 a ma'aunin iskar taya (bar), don tayar ta baje bisa rairayi maimakon ta yi ta haƙa. Kada ku wuce haka sosai, taya mai ƙarancin iska tana iya zamewa daga ƙarfenta wurin shan kwana. In mota ta fara kafewa a ɗaga ƙafa daga totur nan take. Ƙara wuta rami kawai yake ƙarawa har cikin motar ya zauna ƙasa. A kwashe rairayin gaban tayoyi huɗu, a koma baya kaɗan bisa sawun da aka zo, sannan a taso a giya ta biyu.

Abu biyu da mutane ba su kula da su: ƙaiƙayin ciyawa yana toshe lagireto injin ya yi zafi, busasshiyar ciyawa kuma tana naɗewa jikin salansa ta kama wuta. Duk tsayawa a leƙa ƙarƙashin mota a zare ta. Ku cika tanki a Dakoro, ku ƙara bido ɗaya na lita 20 kowace mota, rairayi yana shan mai fiye da kwalta nesa ba kusa ba.

Tsohon ma'aikacin gandun daji:
Ɗana, Gadabeji ba wurin wasa ba ne irin lambun gari, keɓaɓɓen daji ne da doka ke tsaro tun 1955, faɗinsa hekta 76,000, cikin jihar Maradi, wajen Bermo. A 2017 UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take kulawa da su. Raƙuman dawan da aka gaya maka gaskiya ne: a watan Nuwamba na 2018 aka kwaso takwas daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka kawo su nan bayan shekaru da dama da ɓacewarsu daga wurin, daga baya aka ƙaro wasu. To amma ka lissafa, ƴan tsiraru ne cikin daji mai wannan faɗi. Wanda ya shiga ba tare da ma'aikacin da ya san inda suka sha ganye jiya ba, sai ya wuni yana kallon kandili da aduwa ya dawo.

Saboda haka izini da ɗan rakiya su ne farko. Tun kafin ku tashi, ku je ofishin ma'aikatar muhalli na nan Damagaram su haɗa ku da na Maradi da shugaban gandun. Su za su faɗa muku abin da ake biya da halin da hanya take ciki a makon. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, ku kuma sanar da jandarmomin Dakoro shigarku da ranar fitarku. In akwai baƙo ɗan wata ƙasa cikinku maganarsa daban ce, a faɗe ta tun farko. In hukuma ta ce a dakata, a dakata.

Cikin daji ba a farauta, ko da danƙo ne a hannun yaro, ba a sare itace, ba a ɗaukar ƙwan tsuntsu. Abin da za ku fi gani barewa ce, da jan biri, dila, zomo, zabin daji, tuje in an yi sa'a. Ku fita bayan sallar asuba, gari na wayewa, ku dawo inuwa kafin ƙarfe 10. A rairayi mutum bai cika wuce kilomita 3 a awa ba, da yara kuwa zagayen kilomita 5 ko 6 ya isa. Ku sa iska ta riƙa bugun fuskarku, in tana bayanku ita ke kai wa dabba warinku. Ku tafi a jere, murya ƙasa, ba farar riga mai ɗaukar ido. In kun ga raƙumin dawa ku tsaya nesa kamar taku 70. In ya daina ci ya miƙe wuya yana kallonku, kun matso da yawa. Mai ɗa kuwa kada a kusance ta ko kaɗan, harbin ƙafarta yana kisa.

Sai wuta, wadda ita ce babbar fargabata da baƙi. Daga Oktoba ciyawa ta bushe, iskar hunturu na kaɗawa, garwashin shayi guda ɗaya ya isa ya cinye makiyayar da dubban dabbobi za su ci har damina. Ku zo da risho na gas. In dole sai gawayi, a share fili taku uku ta kowane gefe har ƙasa ta fito, a haƙa rami, a kashe da ruwa, a taɓa da hannu a ji ya huce kafin a rufe. Rufewa da rairayi kaɗai ba ta kashe garwashi.

Ma'aikaciyar jinya, Karkada:
Baba ya gama magana, zan ƙara ta lafiya. Ruwan sha lita 5 ga kowane mutum a rana, ku takwas kwana uku lita 120 ke nan, bido biyar na lita 25. Na alwala, girki da wanke kwano daban, ku ƙara uku. A raba su motoci biyu. Sanyin Disamba yana ruɗin mutane, ba a jin ƙishi amma busasshiyar iska na tsotse jiki. Yaron da fitsarinsa ya yi ja ko yake kukan ciwon kai, ruwa yake nema. In zawo ya kama wani: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Takalmi rufaffe ga kowa, ban da silifa. Da safe a kakkaɓe takalmi da tabarma saboda kunama, da dare ba mai fita ba tocila, kububuwa da dare take yawo kuma launinta na ƙasa ne. In ta sari mutum kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. Dafinta hana jini daskarewa yake, tsagar sai ta ƙara zubar jini. A cire zobe da agogo, a ɗaure wa ƙafar sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi a kai shi likitar Dakoro ko da ya ce ba ya jin komai. Ku riƙe bargo da rigar sanyi, asubahin can sai yaro ya yi ta karkarwa.

Wata Hajiya, Zango:
Ƙanena, kada ku wahalar da matanku da dafa shinkafa da miya tun gida, kafin azahar ɗin rana ta biyu ta yi yami. Ƙanƙara ma kwana ɗaya take yi. Ranar farko ku ci dambu da kwaɗon zogale, bayan nan sai abin da ba ya lalacewa: kilishi, ƙuli-ƙuli, garin rogo, dabino, cuku, burodi da sardin, albasa da yaji. Taliya tana dahuwa cikin minti goma bisa risho. Kuma don Allah ku riƙe buhu ku kwaso ledarku da gwangwani, saniya tana haɗiye leda ta taru a tumbinta har ta kashe ta.

Ƙarangiya fa, ba wanda ya ambace ta, ita ce za ta fara sa yaran kuka. Wando mai kauri mai santsi, ban da zane mai jan ƙasa da safa mai gashi. A cire ta da matajin kai ko bakin cokali, ba da yatsa ba. Kafin a shimfiɗa tabarma a share wurin, kuma a guji gindin aduwa.

Malamin makaranta, Garin Malam:
Ni ina da ja kaɗan. Kwana uku da hayar kat-kat biyu ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma mai tambaya rana ɗaya ya ce. In shan iska da tabarma ne muradi, ga tafkin Gidimuni nan gabas, bayan Mirya, bisa kwaltar Gure. Hiace tana zuwa, ga dabino da lambuna, ga tsuntsayen ruwa a wannan lokaci. A nemi izinin mai lambu kafin a zauna, a kuma hana yara shiga ruwan, ruwan kwance da dodon koɗi shi ke kawo tsargiya. Raƙumin dawa dai babu.

Direban kat-kat:
Gaskiyar Malam. In dai Gadabejin ce, ƙari ɗaya: waya ba ta kamawa ko'ina, hazo kuma yana shafe alamu har duk itatuwa su zama iri ɗaya. Ku sauke taswira a waya tun gida, ku sa alamar inda mota take kafin ku taka. In kun iske rugar Fulani ko zangon Buzaye ku tsaya daga nesa ku yi sallama saboda karnuka, kada a ɗauki hoton kowa sai ya yarda. Sukari da ganyen shayi kyauta ce mai daraja can.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Mun yanke za mu kai yara Gidimuni a wannan hutu, manya kuma mu haɗa kuɗin Gadabeji zuwa Janairu. Baba, ranar Litinin zan je ofishin muhalli in sha Allah. Malam direba, katakon jak ɗin nan, kaurin nawa ake so?

Direban kat-kat:
Kaurin yatsa uku, faɗin taƙi ɗaya da rabi. Kowane kafinta zai yanko maka.