Kafin alƙalami a kan motar da ba a ƙera ba: layi ne ko bashi?

Alhaji Direba: Salamu alaikum jama'a. Yau na cire sunana daga layin motar lantarkin da na yi kamu. Wata goma sha huɗu ina jira. Sau uku suna aiko min saƙo cewa an ɗaga lokaci, ko sau ɗaya ba su ambaci rana ba. Ni da mota nake ciyar da iyalina a nan New York. Tsohuwar da nake ja, na ƙi canza ta saboda ina sa ran sabuwa, har ta kwana huɗu a gareji ina zaune a gida ina ƙirga asara. Maganata ɗaya ce: wannan abu sunansa kawai layi. Bashi ne kamfani ke karɓa daga hannunmu, babu ranar biya, sannan ya ɗauki yawan sunayenmu ya yi ado da su a gaban masu zuba jari.

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma kalmar bashi ta yi nauyi. Kuɗinka fa za a dawo maka da su. Kuma ƙera mota ɗaya a nuna wa 'yan jarida daban, ƙera dubu biyar kowane mako daban. Tesla, mai ƙera motocin lantarki, ta nuna motarta Model 3 a ƙarshen Maris 2016, ta fara miƙa motocin a Yulin 2017. Ta so ta kai dubu biyar a mako kafin 2017 ta ƙare, ba ta kai ba sai tsakiyar 2018, har da kafa tanti a harabar masana'antarta ta Fremont don a ƙara wurin haɗa motoci. Wanda ke shirin cuta ba ya wannan wahalar. Kamfani na bukatar sanin mutum nawa ke so da gaske kafin ya yi odar batura.

Hajiya Babba: Injiniya, tunda kai ka kawo Model 3, mu yi lissafi. Dala 1,000 kowa ya ajiye, kuma a makon farko kamu ya kai wajen 325,000. Dala miliyan 325 ke nan a hannun kamfani, ko sisin riba bai biya masu su ba. In banki ya je nema, kyauta za a ba shi? Ni dai ina bayan Alhaji.

Injiniya: Hajiya, ai babu wanda aka tilasta wa.

Hajiya Babba: Ba a tilasta ba, amma da me aka jawo su? Da farashin dala 35,000. Wannan mai arahar ba a fara sayar da ita ba sai ƙarshen Fabrairun 2019, kusan shekara uku, don masu tsadar aka fara ƙerawa. Ga inda abin ya fi ci min rai. A lokacin gwamnatin Amurka na rage wa mai sayen motar lantarki haraji har dala 7,500, amma da zarar kamfani ya sayar da mota 200,000 sai rangwamen ya fara raguwa. Tesla ta kai wannan adadi a Yulin 2018, daga Janairun 2019 rangwamen ya koma rabi. Wato mai ƙaramin ƙarfin da ya yi sammako ya shiga layi don mai araha, shi ne ya rasa cikakken rangwamen, mai kuɗin da ya zo bayansa ya samu. Ka gaya min wane irin layi ne na baya ke wuce na gaba.

Auta: Ku yi haƙuri iyayena in sa baki daga nan Sin. Yaya Injiniya ya ce ana dawo da kuɗi, to ba ko'ina ba. Da Xiaomi ta fitar da motarta ta lantarki YU7 a Yunin 2025, cikin awa 18 mutum wajen 240,000 suka kulle odarsu. Kafin alƙalamin yuwan 5,000 ne, kuma in ka kulle ba a mayarwa. Ƙorafin da mutane da yawa suka yi shi ne sai bayan sun kulle manhajar ta nuna musu tsawon jiran, wasu har kusan mako 60.

Injiniya: Wannan kam ban kare shi ba, ƙanena. A ɓoye maka rana sai ka biya, ba daidai ba ne. Amma ku tuna 2021 da 2022 duniya ta yi fama da ƙarancin ƙananan na'urorin da ke sarrafa kwamfutar mota, kayan batir ma suka yi tashin gwauron zabi. Ford ta rufe karɓar kamun motarta ta lantarki F-150 Lightning da kanta a Disambar 2021 bayan ya kai wajen 200,000, don ta san ba za ta iya ba. Sannan mai kamu yana da baki. Ranar 1 ga Maris 2022 Rivian, ita ma mai ƙera motocin lantarki, ta ƙara farashi har da na waɗanda suka riga suka yi kamu, mutane suka yi ta janyewa, bayan kwana biyu shugaban kamfanin RJ Scaringe ya nemi afuwa ya mayar musu da tsohon farashi.

Alhaji Direba: To ai hujjata ka kawo min, Injiniya. Da ba a yi musu ca ba, da ƙarin ya zauna. Ita Ford ɗin ma, da farashin da bai kai dala 40,000 ba ta tara mutane, kafin 2022 ta ƙare ya haura 55,000. Cybertruck ta Tesla fa? An nuna ta a Nuwambar 2019 a kan dala 39,900, aka ce ƙarshen 2021. Sai 30 ga Nuwamba 2023 aka miƙa na farko, mafi arahar da aka sanar ta koma dala 60,990. Kada ma a zo kan Roadster ɗin Tesla, wadda aka nuna tun 2017, aka karɓi dala 50,000 a hannun masu kamu, aka ce 2020, shekarar ta zo ta wuce. Ko telan unguwa in ya karɓi yadinka da kuɗinka ya ce jajiberin sallah, kana da ranar da za ka tsaya masa a ƙofar shago. Ni ina zan tsaya?

Malam: Na karanta duka. Kuna ta ja kan tsawon jira, ni kuma ina ganin matsalar tana wani wuri. Shari'a ba ta hana sayen abin da bai samu ba tukuna. Akwai cinikin salam, manomi ya karɓi kuɗi yanzu ya kawo hatsi da kaka. Amma hadisin Ibn Abbas da ke Bukhari da Muslim ya gindaya sharaɗi: mudu sananne, nauyi sananne, zuwa lokaci sananne. Yanzu ku auna kamun nan. Farashi na iya canzawa, siffar motar na iya canzawa, rana babu. Shi ya sa a takardunsu kamfanonin ke rubuta cewa wannan ba ciniki ba ne, wuri kawai ka kama. Sun kuɓutar da kansu ta takarda, amma a dandalin talla suna magana kamar an gama ciniki. Kafin alƙalamin da ba a mayarwa kuwa, wanda ake kira urbun, Malikawa ba su yarda da shi ba, Hanbalawa ne suka halatta.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, na karɓi rabin wannan. In kamfani ya faɗi farashi a bainar jama'a ya karɓi kuɗi a kai, ya kamata farashin ya ɗaure shi ga waɗanda suka biya. Amma rana ba za ta ɗauru ba, babu injiniyan da zai rantse a kan ranar da sabuwar masana'anta za ta daidaita.

Hajiya Babba: To kada ya karɓi kuɗi. Ya rubuta sunaye kyauta, ranar da ya san rana sai ya nemi kafin alƙalami.

Injiniya: In kyauta ne kowa zai rubuta, Hajiya, har wanda bai da lasisi. Adadin ba zai amfani kowa ba.

Hajiya Babba: Dala 100 ɗin da Ford da Tesla suka karɓa a kamun F-150 Lightning da Cybertruck ma ai kusan hakan ne. Mutum nawa ne suka saya daga ciki? Alhaji, kai da ka janye, yaushe suka ce kuɗinka za su shigo?

Alhaji Direba: Sun ce a cikin makonni masu zuwa, Hajiya. Nan ma babu rana. Na ɗauki hoton saƙon na ajiye. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je wurin dillali a New Jersey, akwai wata mai haɗa fetur da batir a ajiye a fili. Injiniya, in kana da sarari ka raka ni ka duba min lafiyar batirin kafin in sa hannu.