Sa sabon bawul a zuciya ba tare da an tsaga ƙirji ba: ya dace da ɗana?

Baban Sadiku, Aboabo:
Assalamu alaikum. An haifi ɗana da ciwon zuciyar da likitoci ke kira Tetralogy of Fallot, aka yi masa aiki yana shekara 3, yanzu kuma shekarunsa 19. A gwajin baya-bayan nan likita ya ce bawul ɗin da ke tsakanin zuciya da jijiyar huhu yana yoyo, jini na komawa baya, har ɓangaren dama na zuciyar ya fara buɗewa. Mahaifiyarsa ba ta son a sake tsaga masa ƙirji. Mun ji ana sa sabon bawul ta cikin jijiya. Gaskiya ne, kuma kowa ake yi wa?

Hajiya Rabi, Asawase:
Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya ne. Ana naɗe bawul ɗin a kan siririn bututu, a zura shi ta jijiyar da ke matsematsi, a bi da shi har cikin zuciya ana kallo a na'ura, sannan a buɗe shi a gurbin tsohon. Yawanci bayan kwana ɗaya ko biyu ake sallamar mutum. Dakta Philipp Bonhoeffer ne ya fara yin aikin a Faransa a shekarar 2000, da bawul ɗin da aka samo daga jijiyar wuyan saniya, wanda daga baya aka sa wa suna Melody.

Sai dai ba kowa ake yi wa ba. Yaran da aka yi wa irin aikin Sadiku galibi an faɗaɗa musu mafitar jinin da faci, shi ya sa wurin ke yi wa Melody girma, ba ya kamawa. Saboda irinsu aka ƙera wani bawul mai suna Harmony, wanda Amurka ta amince da shi a 2021. Sai an ɗauki hoton MRI da na CT kafin a san girman wurin. Akwai kuma masu jijiyar da ke ciyar da zuciyar kanta daf da wurin, har likitoci kan fara hura balan-balan su gani ko za ta matse, idan ta matse a fasa sa bawul ta jijiya, a koma tiyata.

Malam Danjuma, Nima:
Alhaji, abin da zan ƙara shi ne, bawul ɗin nama ne, yana tsufa, don haka mai shekara 19 zai iya buƙatar wani nan gaba. Babban abin tsoro kuwa shi ne ƙwayar cuta ta kama bawul ɗin, kuma sau da yawa daga baki take shiga jini. Ya kula da haƙoransa, ya sanar da likitan haƙori kafin a cire masa ko ɗaya. In zazzaɓi ya daɗe, kada a ce na sauro ne a sayo magani a kemis, a fara gwada jini.

Baban Sadiku, Aboabo:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Tunda ba ya haki, za mu iya jira?

Hajiya Rabi, Asawase:
Alhaji, rashin haki ba hujja ba ce, domin zuciya kan buɗe mutum bai ji komai ba, kuma in ta wuce iyaka ba ta komawa yadda take ko an sa bawul. Ku nemi takardar turawa zuwa cibiyar zuciya ta asibitin Korle Bu da ke Accra, ku tafi da bayanan aikinsa na farko, domin a ciki ne za a ga ko faci aka sa masa ko bututun da ke haɗa zuciya da jijiyar huhu.