Musayar Waƙa: Tunawa da Mama Malama ta Kagoro

Jikarta:
'Yan uwa, Kakarmu ta huta. Malamar firamare ce har ta yi ritaya. Ga nawa baitocin, wanda ya san ta ya ɗora.

Kaka ta yi barci cikin Ubangiji,
Gindin dutsen Kagoro yau babu dariya.
Wa zai dama mana kunun acca,
Ya tashe mu addu'a tun kafin safiya?
Littafi Mai Tsarkinta bango ya yage,
Ta ɗinke da zaren buhu, ta ƙi ta sauya.
Ba ta taɓa ɗaga mana murya ba,
Mace mai sanyi kamar ruwan rijiya.

Tsohon ɗalibinta:
Sannu da rashi, ƙanwata. Amma baitin ƙarshen nan ban yarda ba!

Sanyi? Ke jika ce, kin same ta ta gaji,
Mu muka san Malama da zafin zuciya.
A 1976 da UPE, shirin firamare kyauta, ta buɗe ƙofa,
Aka kwaso mu daga gona da kiwon tunkiya.
Sai hannu ya haye kai ya taɓo kunne,
Kafin ta ce ka isa shiga aji ɗaya.
Aji ya cika, mu muna gindin mangwaro,
Allo a jikin itace, rana tana ƙuna ta baya.
Ka zo ran Litinin da datti a farce,
Rula ce za ta gaya maka gaskiya.
Amma da baba ya kasa kuɗin yunifom,
Ita ta ɗinka mini, ba ta faɗa wa ko mutum ɗaya.

Wata 'yar Zumunta (ƙungiyar matan coci):
'Ya'yana, ku daina gardama, duk biyun ita ce.

Tun 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa,
Mu kuwa ko baƙi ɗaya ba mu iya.
In ta tashi makaranta ta tara mu a majami'a,
A, ba, ca, da, har muka karanta Ishaya.
Zumuntar Mata ta ECWA ta yi rashi,
Wa zai riƙe tulu in an ta da waƙa da murya?
Asibiti a Kafanchan mun sha zuwa tare,
Da kwanon tuwo da sabulu a ƙwarya.
Fansho ya makara wata da watanni,
Ta sayar da citta, ba ta fasa tafiya.

Maƙwabcinsu:
Ni Musulmi ne, katanga ɗaya ta raba mu. Allah ya ba ku haƙuri.

Ran Kirsimeti shinkafarta ta shigo gidanmu,
Ran Sallah namanmu ya bi wannan hanya.
'Ya'yana in sun zauna darasi a tsakar gidanta,
Aka kira la'asar, sai ta ce, “Ku tashi, ku yi niyya.”

Jikarta:
Mun gode, Baba. Mama, sannunku da ɗawainiya. Kai kuma Yaya:

Na karɓi gyara, ashe rula ta yi aiki,
Mu alewa muka sha, ku kuka sha wuya!
Ran Asabar za a yi sujadar jana'iza,
'Yan Zumunta ku sa anko, ku zo gaba ɗaya.
Yaya, kai za ka yi magana a madadin ɗalibai,
Ka yanke farcenka kafin ka kama hanya.