In sauya wa motata birki zuwa na kabon-seramik?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Porsche 911 ta hannu mai faifan birki na ƙarfe, sai wani ya yi mini tayin cikakken saitin kabon-seramik da aka ciro daga irinta, har da kalifofin nan masu ruwan ɗorawa, wato ƙarafan da ke matse fatar birki a jikin faifai. Ba na shiga filin tsere. Baƙar ƙurar birki da ke ɓata mini rim ce ta dame ni. Wanda ya taɓa yin wannan sauyi ya ba ni shawara.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Ni na sa seramik a tawa, kuma kuɗin bai kai na taya ɗaya ba.

Bakanike: Alhaji, fatar birki ka sauya, shi kuwa faifai yake nufi. Faifan kabon-seramik nauyinsa kusan rabin na ƙarfe ne, ba ya tsatsa, kuma yana jure zafi, amma a takun birki na farko taya ce ke ƙayyade nisan da mota za ta yi kafin ta tsaya. Malam, ka fara tabbatar da cewa kalifar za ta shiga cikin rim ɗinka.

Mai Jar Mota: Ɗan'uwa, kada ka saya. Nawa na hannu ne, sumul a ido, sai daga baya birki ya fara ƙara, fata tana cinyewa da wuri. Ashe wannan faifai ba a gane lalacewarsa da kauri kawai. Zafin tsere yana ƙona zaren kabon da ke cikinsa, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli a gwada da mafi ƙarancin nauyin da aka rubuta a jikinsa. Biyun gaba duk sun gaza. Mai sayarwa ya daina ɗaukar wayata, kuɗin sababbi kuma ya kusa kai rubu'in kuɗin motar, don haka na koma ƙarfe.

Tsohon Direba: Rubu'i ya yi yawa. Ni an faɗa mini ƙasa da rabin haka.

Mai Jar Mota: Wanda bai bambance fata da faifai ba, yaya za a yi ya san farashi?

Mai Keke: Ku yi haƙuri da juna. Malam Mai Tambaya, bokiti da soso ma suna maganin ƙura.

Bakanike: Ban yarda a yanke hukunci da labarin mutum ɗaya ba, domin faifan da bai ga tsere ba yana daɗewa ƙwarai. Yawancin waɗanda na gani sun lalace, wajen cire taya ne rim ya bugi bakinsu ya ɓantare.

Mai Jar Mota: To, wa ke cire tayar in ba ku ba? Har yau ban ga garejin da ya ɓantare faifai ya biya ba.

Mai Tambaya: Na gode. Amma wa ya kamata ya auna nauyin, ni ko mai sayarwa?