Janaretan da tarakta ke juyawa yana rage wuta kuma yana ɗaukar zafi

Manomin Kujama:
Assalamu alaikum. Ina da janareta mai ƙarfin kVA 30, mai layi uku, wanda nake haɗawa da sandar PTO, wato sandar da ke juyawa a bayan tarakta, domin injin casar shinkafa da famfon rijiyar burtsatse. Da zarar na tayar da injin casa, sai ƙarfin wuta ya sauka daga volt 230 zuwa wajen 185, kuma kafin awa guda jikin janaretan ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, har da ƙaurin kwayil. An ce mini AVR ne, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, na saya sabo a Panteka, amma babu abin da ya canza.

Bakanike daga Kakuri:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka sake kashe ko kwabo, ka duba mitar Hz, wadda allurarta ke bin gudun janaretan, yayin da lodi yake kai. Yawancin irin wannan janareta an ƙera shi ne domin PTO mai juyawa 540 a minti, giyabos ɗinsa ya ɗaga gudun zuwa 1,500, wanda shi ke ba da Hz 50. Idan gudun ya gaza, fankar da ke sanyaya kwayil tana raguwa, AVR kuma ko dai ya sauke wutar da gangan domin kariya, ko ya riƙa tura wa kwayil ɗin da ke juyawa wuta fiye da kima. Direbanka yana rage totur domin tsimin dizal?

Manomin Kujama:
Ni da kaina na sa shi ya rage, Malam, ganin tsadar mai. Na duba yanzu, allurar tana kan 44.

Bakanike daga Kakuri:
To ga ɓarawon nan. A 44, sandar ba ta wuce juyawa 475 ba. A ɗaga totur har allurar ta kai 51 ko 52 kafin a sa lodi, domin ta zauna kan 50 idan nauyi ya hau. Man da ake tsimi bai kai kuɗin naɗin sabon kwayil ba.

Mai wayarin Rigasa:
Na yarda da Malam, sai dai ban sallami maganar zafin ba tukuna. Motar lantarkin da ke juya injin casa tana jan wutar da ta ninka ta aikinta sau biyar zuwa bakwai a lokacin tashi, saboda haka a fara tayar da ita kafin famfo. Sannan a auna kowane layi daban, domin na sha tarar da an jibga fitilu, firji da famfo a layi ɗaya, sauran biyun suna hutawa, kwayil ɗaya yana dahuwa. Da hunturun nan kuma, ƙura da ƙaiƙayi suna toshe ragar iska da lagireton tarakta. A kashe injin, a cire sandar, a hure su, a ɗaure notin wayoyi, kuma duk wanda aka ga ya yi baƙi a canza shi.