Goshin jirgi yana tashi sama idan na murɗa totur, yaya zan yi ya kwanta?

Ɗan Rima:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san tuƙin jirgin ruwa mai inji. Kawuna ya sayi jirgin fiba na hannu, tsawonsa ƙafa 19, da inji Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake riƙewa da hannu ana murɗa totur kamar na babur. A madatsar ruwan Goronyo yake ajiye shi, don yana sayen kifi wurin masuntan ƙetare. Ciwon baya ya matsa masa, ya ce ni in koya. Ni kuwa a cikin garin Sakkwato na tashi, babur da mota kawai na sani.

Asabar uku ke nan ina zuwa. Idan a hankali nake tafiya, lafiya lau. Da na ƙara wuta sai goshin ya ɗaga har in daina ganin gabana, baya ya dulmiya, inji ya riƙa nishi kamar motar da aka yi wa lodi ta zo hawa. Satin da ya wuce tsoro ya kama ni na saki totur gaba ɗaya, sai ruwan da muka taro a baya ya biyo mu ya zubo ta inda inji ke rataye, ya jiƙa buhun gishirin Kawu. Ƙanena ya ce ba zai sake bina ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ga yadda muke zama: ni a baya, ƙanena kusa da ni, tankin mai na lita 25 da wata jarka a ƙarƙashin ƙafata, kular ƙanƙara a bencin baya. Ina ganin wasu jiragen suna wucewa a kwance sumul, kamar ba su taɓa ruwan. Me suke yi da ba na yi?

Baba Na Yawuri:

Wa alaikumus salam ɗana. Yawuri na koyi aikin ga bisa kogin Kwara, kuma abin da ya same ka ya samu kowa farkon hannu. Jirginka lahiya tai lau.

Idan jirgi na tahiya sannu, ture ruwa shikai. Kana ƙara wuta, ruwan da shika turewa na taruwa gabanai ya zan tudu, baya kuma rami. Wurin da goshi ke tashi, jirgin na ƙoƙarin hawa tudun da shi da kainai ya tara. Nan ne wurin da ya hi kowane muni: ba ka gani, mai na ƙonewa, baya na kusa da ruwa. Ba a zama wurin. Ko ka tsaya ƙasa da shi, ko ka ƙetare shi. Kai kuwa daidai nan kaka sakin totur, shi ya sa ba ka taɓa ganin abin da ke bayan tudun ba.

Hwara da kaya. Injin ga kaɗai ya hi kilo 70, ga ka, ga ƙanenka, ga mai, ga ƙanƙara, duk kun tattaru gindin jirgi. Kular ta koma bencin gaba, jarka ta bi ta, ƙanenka ya zamna tsakiya ko gaba kaɗan.

Sannan duƙa ka dubi inda inji ke jingina ga jikin jirgi. Za ka ga ramu jere da wata sandar ƙarhe da anka soka cikin ɗaya. Ita ka riƙe da kwanciyar inji. In tana ramin da ke nesa da jirgi, ƙahwar inji ta yi baya, farfela na danna gindi ƙasa tana ɗaga goshi. Zare ta ka maida ramin da ke kusa da jikin jirgi. Inji kashe za ka yi wannan, bakin gaɓa.

In ka hita sarari, duba gabanka da kyau tun goshi bai tashi ba, don za ka yi ɗan lokaci ba ka gani. Murɗa totur da hannu guda, ba hizga ba, ba tsoro ba, har ƙarshe. Goshi za ya tashi, riƙe. Za ka ji ya sauko da kainai, kukan inji ya sake, ruwan baya ya kwanta. To nan ne za ka rage wuta kaɗan, jirgi na nan bisa ruwa. In za ka tsaya, rage sannu sannu, kana waiwayen ruwan baya, in ya matso ka ɗan ƙara wuta ya wuce ƙarƙashinka.

Makaniken Kwannawa:

Abin da Baba ya faɗa shi ne tushe, a fara da shi tunda ba ya cin ko sisi. Idan an yi duka jirgin bai hau ba, ni farfela nake fara dubawa. Akwai lamba a jikinta, misali 11 x 15. Ta farko faɗinta ne, ta biyu takunta, wato inci nawa za ta ci gaba a juyi ɗaya. Ɗauke ta kamar giyar mota: mai 15 babbar giya ce, tana gudu idan jirgi ba kaya, amma tashi yana yi mata wuya. Mai 13 ta fi ƙarfin tashi da lodi. Duk inci ɗaya da ka rage, juyin inji yana ƙaruwa da kamar 150 zuwa 200 a minti, kuma wannan injin an yi shi ne ya riƙa juyi 4,500 zuwa 5,500 idan an buɗe totur duka. Idan yana ƙasa da haka wahala yake sha, ko da ba ka ga hayaƙi ba. Jirgin da zai dawo da kifi da ƙanƙara, ni ƙaramin taku zan sa masa. Ka kuma shafa bakin fukafukan da hannu, wadda ta daki dutse ta lanƙwashe tana cinye ƙarfin inji sosai.

Wani abu da masu jirgin hannu ke mantawa: yawancin jiragen fiba daɓensu biyu ne, ruwa yana shiga tsakani ba ka gani. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma da goshi ya ɗaga duk ruwan baya yake gangarowa. Ku jawo shi tudu, ku ɗaga goshin, ku cire toshiyar baya ku gani. Na taɓa buɗe wani ya cika bokiti shida.

Sai tsayin inji. Farantin da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi. Ka ɗora katako miƙaƙƙe a ƙasan ka auna. Akwai inji mai gajerar ƙafa, inci 15, da mai doguwa, inci 20, kuma ana yawan haɗa doguwa da jirgin gajera. Ana sayar da wani fiffike da ake ɗaurawa a wannan farantin don ya ɗaga baya, yana aiki, amma kada ka huda injin Kawu kafin ka gwada sauran.

Maman Sadiya:

Ni ban iya tuƙi ba, amma garinmu a bakin ruwa yake, kuma ina da magana ɗaya. Da aka ce ƙanenka ya matsa gaba, a cikin jirgi ake nufi, zaune a benci. Ina ganin samari suna hayewa can ƙarshen goshi suna saukar da ƙafa wai don su danne shi. Wanda ya zame daga nan ƙarƙashin jirgi yake shiga, farfela kuma tana baya tana jiransa. Don Allah ku sa rigar kariya ku biyun, ko kun iya iyo. Ba mu manta da yara 29 da suka rasu a Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari a 2022 ba. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ma ta wajabta rigar, ta kuma hana tafiyar dare. Allah ya tsare.

Baba Na Yawuri:

Amin. Gaskiyarki, na gode da kinka tuna min. Ɗana, jar igiyar nan da ke kashe inji in ta zare daga jikinai, ɗaura ta ga hannunka kullum. Kuma ka koya da sahe kamin iska ta taso, nesa da masu kwalekwale da taru, don ruwan da kaka tadawa na iya kihe da ƙaramin jirgi. In ruwan dam ya ja baya da rani, tambayi masunta inda kututture suke kamin ka buɗe wuta.

Ɗan Rima:

Alhamdulillahi, na dawo da labari. Jiya bayan asuba muka isa. Sandar ƙarfen tana rami na huɗu, na mayar da ita na farko. Mun cire toshiya, ruwa ya fi bokiti biyu, har da wari. Kula da jarka suka koma gaba, ƙanena ya yarda ya zauna a bencin tsakiya da rigarsa, Kawu ne ya aro mana guda biyu.

Baba, da goshin ya tashi hannuna ya so ya saki, na tuna kun ce in riƙe. Ban gama ƙirga shida ba na ga bakin ƙetare ya bayyana ta saman goshi, ƙarar inji ta canza, iska ta fara dukan fuskata. Na rage wuta ya ci gaba a kwance. Wayar ƙanena ta nuna kilomita 31 a awa.

Sai dai yanzu goshin yana nitsa kai da yawa, ruwa yana fantsamo mana daga gaba, sitiyarin hannu kuma ya yi nauyi. In mayar da sandar rami na biyu ne, ko in dawo da jarkar baya?

Baba Na Yawuri:

Madalla ɗana, Allah shi yi albarka. Rami na biyu, kaya su tsaya inda suke. Abu guda aka canzawa a gwada, in ba haka ba ba ka sanin wane ya yi aiki. In ka ga goshi ya hwara sallama, shina tashi shina faɗuwa bisa ruwa kwance, ka yi yawa, koma rami guda wajen jikin jirgi. Ranar da kunka ɗauko kihi kuma lissahi ya sake, sai ka sake gwadawa. Ka gai da Kawunka da jiki.