Fatsa da ƙudan ƙarya: yaya ake yi, kuma za ta ci a nan Kumasi?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum. Masu fatsar kogin Soca na ƙasar Sulobeniya ba sa sa tana a ƙugiya, gashi kawai suke ɗaurawa kamar ƙuda, kuma ruwan garau har ana ganin tsakuwa. Wane kifi suke nema, kuma me ke kai ƙugiyar nesa ba dalma? Za ta yi a tafkin Bosomtwe?

Baba Mai Fatsa, Nima: Wa alaikumus salam, ɗana. Turawut ne, wani kifin ruwan sanyi, irin mai zane kamar dutsen marmara. Babbansa yana wuce kilo 20. Ya yi ƙaranci ne saboda tun 1906 aka riƙa zuba wani turawut mai launin ruwan ƙasa a kogin, suka yi ta barbara har asalin ya kusa ɓata.

Zaren ne mai nauyi, shi ake wurgawa ya ja ƙudan. Sanda ƙafa 9, lamba 5 ko 6, wato lambar nauyin zaren da ya dace da ita. A bakin zaren a ƙulla siririn nailan ƙafa 9 zuwa 12, kaurin ƙarshensa milimita 0.16. Inda ake faɗuwa: kifin kullum kansa na kallon inda ruwa ke gangarowa, don haka ta bayansa za ka zo, a sunkuye, kada inuwarka ta sauka kan ruwa. In igiyar ruwa ta ja zaren, ƙudan zai fi kumfar da ke gefensa gudu, kifin ya gane, ya juya. Sai ka ɗaga cikin zaren ka maida shi ta inda ruwa ke gangarowa kafin ya miƙe.

Malam na Asawase: Baba, a gafarce ni, 0.16 na ƙanana ne. Shi babban turawut, kifi yake ci, sai ƙudan da aka ɗaura kamar ɗan kifi, nailan 0.30. Kuma fatsa a Soca sai da takardar izini. A matse ƙayar ƙugiya da filaya, a jiƙa hannu kafin a taɓa kifin, don busasshen hannu na goge yauƙin jikinsa.

Baba Mai Fatsa: Gaskiyarka, Malam. Shi kuwa Bosomtwe, ka cire rai da turawut. In zafin ruwa ya wuce digiri 20, ya fara galabaita, namu kuma ɗumi ne shekara duka. Karfasa dai tana taɓa ƙaramin ƙuda da sassafe. In tsage kake so, nufi Volta, ka sa waya taƙi ɗaya gaban ƙugiya, in ba haka ba haƙoransa su datse nailan.